Zuwa ga kwastomominmu: maganar obahitin da cire tamostat

Assalamu alaikum Alhazai da Hajiyoyi, direbobin haya, da duk mai kawo mana mota gareji. Da fatan ana lafiya, ya iyali ya kasuwa.

Mun ga ya dace mu rubuto muku tun kafin bazara ta kankama, don duk shekara daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40, aikin da ya fi yi mana yawa shi ne obahitin, wato inji ya yi zafi fiye da kima, kuma kusan kowa da magana ɗaya yake zuwa: oga a cire min tamostat, a haɗa fanka dairek. To dan Allah ku yi haƙuri, mu dai ba ma yin wannan aikin. Ba don jan rai ba ne ko neman ƙarin kuɗi, ga dalilinmu.

Ana yawan cewa wai tamostat na ƙasashen sanyi ne, mu nan ba ma buƙatarsa. Amma motocin da ake sayarwa sabbi fil a Saudiyya da Dubai duk da tamostat ɗinsu suke fitowa, kuma wanda ya je aikin Hajji ya san zafin can. Aikinsa shi ne ya tare ruwa a cikin inji har injin ya ɗauki zafin da aka ƙera shi ya yi aiki da shi, sannan ya buɗe ruwan ya wuce lagireto. A yawancin Toyota da muke gani yana fara buɗewa wajen digiri 82, kuma lambar a rubuce take a jikinsa. Idan aka cire shi, injin zai daɗe bai yi ɗumi ba, musamman da safe lokacin hunturu, shi kuma birenbos, wato kwamfutar mota, yana ganin inji da sanyi sai ya yi ta ƙara mai, kai kuma kana ta mamaki mota ta koma shan mai, ga yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi a 2023. Wani abin da mutane ba su sani ba, a injina da yawa tamostat ɗin nan idan ya buɗe shi ne yake toshe wata 'yar gajeriyar hanya da ruwa yake zagayawa a cikin injin, to idan babu shi wani ruwan sai ya riƙa bin ta nan ya dawo bai ma leƙa lagireto ba. Ka ga an cire don a yi maganin zafi, an ƙara shi.

Eh, tamostat yana lalacewa ya ƙi buɗewa, wannan gaskiya ne. Idan mun yi zarginsa, a gabanka za mu ciro shi mu jefa a tukunyar ruwa a kan wuta da ma'aunin zafi a ciki. Mai lafiya za ka ga bakinsa yana ɗagawa a hankali tun ruwan bai tafasa ba, matacce kuwa har ruwan ya yi ta ɓararraka yana nan a rufe gam. Wannan sai a sa sabo mai lamba iri ɗaya, shi ke nan. Ita ma fanka dairek haka ne, tana ta juyi tun daga tayar da mota har kashewa, ɗan injin da yake juya fankar ya ƙone da wuri, alhali galibi rile ne ko fiyus ko sensa ya mutu, abin da mai wayarin zai gano cikin ɗan lokaci.

Abin da muke roƙo shi ne idan kun zo ku gaya mana a ina motar take yin zafi, don amsar nan rabin aikin ce wallahi. Motar da allurar zafinta take hawa a cikin goslo, a ce wajen Kurna ko 'Yankaba, amma da an samu hanya an taka sai ta sauko, fanka muke fara dubawa. Wadda take lafiya lau a cikin gari sai an hau titin Zariya ana gudu ta fara, wannan sau da yawa lagireto ne ya toshe ta ciki, ko fukafukan wata famfo, wato famfon ruwan inji, sun cinye ba ya tura ruwa yadda ya kamata. In kuma sai an kunna AC, to akwai ƙurar hunturu da leda da ƙaiƙayi da suke cushewa tsakanin kwandensa na AC da lagireto, daga waje ba ka gani sai an raba su. Kafin a ce a sayo dabul sel, wato lagireto mai layi biyu, a Ƙofar Ruwa, a bari mu duba waɗannan tukuna, don dabul sel ba ya gyara mataccen famfo.

Sai maganar ruwa, kuma nan ne ya fi damunmu. Ruwan rijiya da na burtsatse da fiya wata da ake ɗurawa kullum, su ne suke kashe lagireto a hankali. Ku duba cikin butar da ake dafa ruwan shayi a gida, wannan farin abin da yake kamawa a gindinta, shi ne yake kamawa a cikin siraran bututun lagireto, ga tsatsa a kai. Kulant, wato ruwan lagireto mai kala da ake sayarwa, ba kala ba ce kawai, yana hana tsatsa da cin ƙarfe, yana kuma sa ruwa ya daɗe bai tafasa ba. Amma a kula, akwai na bogi a kasuwa da ruwa ne kawai aka zuba wa kala. Kada kuma a gauraya kore da ja ko ruwan hoda haka kawai, a bi wanda kamfanin motar ya ce. In mai kauri ne da ake sirkawa, rabi da rabi ake yi da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir. Sannan dan Allah Hajiya, ragowar kulant kada a ajiye shi a gorar lemo a gida, yana da zaƙi-zaƙi kuma guba ne, yana kashe ƙoda, yaro ko akuya za su iya sha.

Ƙwai da garin barkono da sabulun wanki da ake zubawa wai don su toshe yoyo ko su wanke ciki, a bari. Mu ne muke buɗewa mu ga abin da suke bari.

Murfin lagireto ma an raina shi. Akwai lamba a kansa, 0.9 ko 1.1, wannan matsin da yake riƙewa ne, kuma da shi ruwa yake iya kaiwa wajen digiri 120 bai tafasa ba. Da robarsa ta tsage, mota za ta yi ta amayar da ruwa ta robar ajiya kana ta ƙarawa kana cewa babu yoyo. Shi ya sa duk motar da ta zo da ƙorafin shan ruwa sai mun ɗaura mata famfon gwaji a bakin lagireto, mu buga iska mu zuba wa allura ido, in ta sauka to akwai inda yake fita, ko hos, ko tankin roba da ya tsage, ko bakin wata famfo. In ba mu ga ɗigo a ko'ina ba sai mu koma kan tof gasket, wato shimfiɗar da take tsakanin kan inji (tof) da gangar jikinsa. Akwai wani ruwa shuɗi da muke gwadawa da shi, idan hayaƙin inji yana shiga cikin ruwan lagireto sai ya juye ya koma ɗorawa a gaban idonka. Ba za mu kwance maka tof a kan zato ba, sai mun ga wannan, ko farin hayaƙi ta salansa da ba ya ɗaukewa, ko baƙin mai ya koma kalar madara-madara a murfinsa.

Idan allura ta hau kuna kan hanya, a kashe AC, a samu gefe a tsaya a kashe mota. Kar a ce bari in lallaɓa in ƙarasa, don tof ɗin motocin yanzu na alminiyom ne, kilomita kaɗan sun isa su lanƙwasa shi, aikin hos ɗaya ya koma aikin inji. Kuma in allura ta hau sannan ta faɗo da kanta ba a yi komai ba, ba sauƙi aka samu ba, wani lokacin ruwan ne ya ƙare tas har sensa ba ya taɓa komai. Kada a buɗe murfi da zafi, ko da tsumma ne, mun sha ganin direbobi da yaran mota da ƙuna a fuska da ƙirji saboda wannan. A jira aƙalla rabin awa, a taɓa hos na sama a ji ya huce ya yi laushi. Kada kuma a kwara wa inji ruwan sanyi. A irin wannan halin in ruwan leda kawai ake da shi, bayan injin ya huce a zuba a lagireto a iso gida, amma a kawo mana mu zubar mu wanke mu sa kulant mu fitar da iska.

Duk mai shirin doguwar tafiya, Maiduguri ko Sakkwato ko Abuja, ya biyo da motar kwana biyu kafin ranar, da safe inji da sanyi, duba murfi da hos da fanbel da fanka ba ma karɓar ko sisi. Wanda kuma aka riga aka cire wa tamostat a wani wuri ya faɗa mana tun a bakin ƙofa don mu nemo daidai na motarsa. Duk abin da muka canza za mu ba ku tsohon a hannu.

Mun gode da amanar da kuke ba mu. Allah ya tsare hanya, ya kiyaye mana ku da iyalanku.

Naku,
Oga da yaran gareji