Wasiƙa zuwa ga aminina a Agege: maganar gonar fadama

Assalamu alaikum warahmatullah.

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Mu nan sai godiyar Allah. Inna tana gaishe ka, ƙafar tata ta yi sauƙi, har takan fito da hantsi ta zauna gindin darbejiya tana ɓarar gyaɗa.

Saƙonka ya iso ni, na ga gara in zauna in rubuto maka, domin wannan magana ba ta waya ba ce. Ka san halin garinmu, sai mutum ya hau tudun bayan makaranta kafin waya ta shiga, kafin a gama gaisawa kuma ta yanke. Ka ce in nemo maka mai sayen kasonka na gonar fadama da marigayi Baba ya bari, ka ƙara jari. Na je gonar da ƙafata, na zauna da Yayanka, na kuma gaida Bulama mun tattauna. Shawarata ita ce ka dakata tukuna.

Abu na farko, har yau ba ka da wani wuri da za ka nuna da yatsa ka ce nan ne nawa. Ba a raba gado ba, gandu ake nomawa kamar yadda Baba ya bari. Sai an fitar wa Inna tumuninta, sannan a raba saura tsakaninku, namiji ya ɗauki rabon mace biyu. Ƙannenka mata ba su ce komai ba, amma kunya ce ta hana su, kuma haƙƙinsu yana nan ko sun yi shiru. Sannan akwai abin da nake jin ba ka sani ba. Bayan ambaliyar 2022, da ruwa ya cinye shinkafa da gero gaba ɗaya, Baba ya jinginar da yankin gabas ga wani maƙwabci don ya sayi hatsi. Ba a rubuta komai ba, shaidu biyu ne kawai, ɗayansu kuma ya rasu bara. Mutumin bai musa ba, mutumin kirki ne, ya ce ran da aka maida masa kuɗinsa zai ɗauke fartanyarsa. To amma rai ba a hannunmu yake ba, 'ya'yansa kuma sun taso suna ganin ubansu yana noma wurin.

Iyakar ma ta rikice. Ka tuna layin gamba da muke bi muna yara in an aike mu kai abinci gona? Ruwa ya tafi da fiye da rabinsa. Abin da ya rage shi ne aduwar nan ta kusurwa da kututturen gawo. Na tsaya a gindin aduwar tare da Yayanka, shi yana nuna nan da sanda, maƙwabcinku na kudu yana nuna can, tsakaninsu ya kai kunya goma sha biyu, kuma na tabbata babu mai niyyar cin wani a cikinsu. Ta arewa kuwa burtali ne, in ba a tsaida shi da kyau ba, wata rana shanu za su shiga shuka a yi ta ƙarar juna. Baƙon da zai saya ba zai yi haƙurin da 'yan'uwa ke yi ba.

Na san abin da zai zo ranka: gonar da ciyawar kacala ke ci, me za a yi da ita? Gaskiya ne, ta ci gefen rafi sosai. Tsofaffi suna cewa da can kogin Haɗeja yakan cika da damina ya malala cikin fadamu, da rani ya janye ƙasa ta bushe. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Calawa a 1992, ruwa ya koma zuwa duk shekara ba yankewa, ita kuwa kacala abin da take so ke nan. Ta toshe magudanai, yashi ya taru, ruwa ya rasa hanya sai ya bi ta gonaki da gidaje. Duk yankin Guri da Kirikasamma kukan ɗaya ne. A cikin kacalar kuma tsuntsayen jan baki ke kwana. In shinkafa ta fara nuna, yara tun asuba suna bisa dakali suna jan igiyar da aka ɗaura wa gwangwanaye, muryarsu har ta dushe kafin azahar. Muna fita aikin gayya da lauje da adda, ruwa iya ƙirji, mu buɗe hanya, wata shekara ta sake rufewa.

Duk da haka, ka tambayi kanka me ya sa masu kuɗi daga Haɗeja da Kano suke yawo a ƙauyukanmu suna neman fadama. Ruwan ƙasa a nan kusa yake. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, injinan ban ruwa da yawa suka kwanta. Yanzu masu hali sun koma injin sola, kuma wanda ya samu yana yin shinkafa da damina, ya yi alkama da sanyi, ya bi da albasa ko tattasai. Su masu sayen sun san haka sarai. Abin da suke karya farashi da shi shi ne hanya.

Hanyar kuwa tana nan yadda ka bar ta, ko ma ta fi. Daga inda kwalta ta ƙare, da rani yashi ne mai kama ƙafar babur, da damina taɓo ne, wani wurin sai kwalekwale. A watan Agusta na raka matar ƙanena asibiti tana naƙuda. Amalanke muka fara hawa da fitilar hannu, shanu suna nutsewa har gwiwa, muka kai bakin ruwa muka yi ta kiran mai jirgi, sai da gari ya waye muka sami mota. Allah ya sa ta sauka lafiya. Haka buhun shinkafa yake shan wannan wahala: kuɗin amalanke, kuɗin fito, kuɗin ɗan acaɓa, kafin ya kai kasuwa riba ta zube a hanya. Ran da aka yi wa hanyar nan ko da burji ne, kuɗin da ake taya maka yau ba zai sayi rubu'in gonar ba.

Kuma ina ganin Kawu kullum. Ya sayar da tasa shekarun baya, kuɗin ya tafi a biki da magani. Makon jiya na wuce na same shi yana cirar ciyawa a cikin ita wannan gonar, ƙwadago yake yi wa wanda ya saya. Ya ɗago ya amsa sallamata, ya maida kai ƙasa. Na kasa tsayawa mu yi hira.

Abin da nake roƙonka shi ne ka zo bayan girbi, lokacin hanya ta bushe. In ka sauka Kano ka nufi tashar 'Yankaba ka shiga motar Haɗeja ta Gujungu, ka yi sammako don kada dare ya yi maka a hanyar ƙauye. Ni zan tarye ka da babur. Ka zo da kuɗin fansar jinginar, ka ware mako guda. Za a kira malami ya raba gado a gaban Bulama da dattawa, a kafa duwatsu a iyaka, a rubuta kowa ya sa hannu, sannan mu kai wa Hakimi mu nemi takardar mallaka a ƙaramar hukuma, tun da dokar filaye ta 1978 ita ta ba wa ikon bayar da takardar filayen karkara. Bayan nan in kana buƙatar kuɗi, ka ba Yayanka haya ko noma-mu-raba, hatsinka ya riƙa iske ka har Legas. In kuma ka ga lallai sai sayarwa, ka fara yi wa 'yan'uwanka tayi kafin bare.

Inna ta ɗaure maka kuka da daddawa da busasshen kifi, za su zo ta hannun direban da ke kai shanu. Ta ce ka taho mata da babban ɗanka, rabonta da shi tun yana rarrafe. Ka gaida mutanen gida da duk 'yan garinmu da ke can.

Wassalam.

Naka amini.