Kwado mai makulli biyu

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan muhawarar kulle saƙonnin waya. Na sha jin ana cewa duk wanda ba ya so a karanta saƙonsa mai kaza a aljihu ne, shi ya sa ba ya jimirin as. Ni dai ban yarda ba. A wayata akwai hoton sakamakon gwajin asibiti da ƙanwata ta turo mini, da saƙon murya na minti shida da mahaifiyarmu ta aiko tana yi mini faɗa. Babu abin kunya a ciki, amma ba na kowa ba ne.

Tun 2016 WhatsApp ke kulle saƙo a wayar mai aikawa, ba ya buɗuwa sai a wayar wanda aka aika wa, da tsarin da masu wata manhajar aika saƙo mai suna Signal suka ƙirƙiro. Kamfani ɗan dako ne kawai, bai san abin da ke cikin kayan ba. Hukumomin tsaro kuwa suna so a bar musu ɓarauniyar hanya don kama miyagu. Ban raina damuwarsu ba, amma ai an taɓa gwadawa. A 1993 gwamnatin Amurka ta fito da Clipper, wata 'yar na'ura da za a sa a wayoyin tarho, ita kuma ta riƙe makulli na biyu. Shekara na zagayowa wani masani, Matt Blaze, ya nuna yadda mutum zai yi amfani da na'urar ya bar gwamnati da makullin banza. Ke nan mugu ya tsira, mai gaskiya ne aka bar wa tsagaggen bango, kuma ƙadangaren da zai shiga ba ya nuna katin aiki.

Abin da ya fi damuna shi ne wa ya duba kwadon. Tun 1983 wani masanin kwamfuta, Richard Stallman, ya fara aikin GNU na haɗa manhajojin da rubutunsu yake a fili, a kan cewa mai amfani da manhaja yana da 'yancin ya sarrafa ta, ya binciki cikinta, ya gyara, ya raba wa wasu. Rubutun da aka gina Signal da shi a fili yake, duk mai ilimin abin zai iya bi layi-layi. Na WhatsApp a rufe yake, sai dai mu ɗauki maganar kamfani. Buɗewar ma ba laya ba ce: wata ɓaraka da ake kira Heartbleed ta yi kusan shekara biyu a cikin OpenSSL, manhajar kulle bayanai a intanet wadda rubutunta ma a fili yake, kafin a gano ta a 2014. Amma an gano ta, an kuma toshe ta a idon kowa.

Don Allah, Edita, in wakilinku ya sake zama da mai neman makulli na biyu, ya tambaye shi a ina za a ajiye shi, kuma wa zai amsa laifi ranar da masu kutse suka sace shi.

Naka,
Mai karanta ku a kullum