Zuwa ga aminina a Alƙahira: maganar giyar motarka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara, kuma karatu yana tafiya yadda ake so. Mu nan Kano bazara ta kankama, da ƙarfe goma na safe kwalta ta fara turiri. Ranar Juma'a na je gaishe da Hajiya, ƙafar ta yi sauƙi sosai, har da kanta ta rako ni bakin zaure. Ta ce in gaya maka ka kwantar da hankalinka.

Na ɗauki waya sau biyu zan kira ka ina ajiyewa, don maganar ta fi ƙarfin minti biyar. Motar da ka bar mini amana, Honda Accord ɗin nan mai giyar otomatik, yau kwananta 12 a gareji. Giyarta ta gaza. Zan ba ka labarin daga tushe, har da inda nawa sakacin yake, sannan ka yanke hukunci, tunda dukiyarka ce.

Abin ya faro tun cikin hunturu. Da asuba in na tayar da ita na sa D, wato giyar tafiya gaba, sai ta yi shiru kamar ba ta ji ba, sai na ƙirga uku ko huɗu kafin ta kama. Na ɗauka sanyi ne. Bayan 'yan makonni sai ta fara wani hali tsakanin giya ta biyu da ta uku: ina taka totur, inji ya yi kuka, allurar juyin inji ta haura 4,000, amma motar ba ta ƙara sauri ba, can kuma sai ta kama da ƙarfi, gaf, har kan mutum ya bugi kujera. A nan ya kamata in tsaya. Maimakon haka na shiga wani gareji a bakin hanya, yaron ya zaro geji ya ce mai ya yi ƙasa, ya ɗauko jan mai a wata jarka mara suna ya ɗura. Na tambaye shi ko na Honda ne, ya ce mini, "Yallaɓai, man giya ai duk ja ne." Na biya na tafi. Wallahi wannan kalmar har yau tana ci mini rai, don ni na yarda da ita.

Ranar da ta tsaya, muna dawowa daga ɗaurin aure a Zariya ne, mu huɗu, bayan azahar, na'urar sanyi a kunne. Kafin Kwanar Dangora fitilar D ta fara ƙiftawa a allon gaba. Ba a jima ba sai motar ta saki gaba ɗaya, inji yana aiki lafiya lau, amma kamar na sa ta a firi. Na gangara gefe na kashe. Muka sha ruwa, muka ɗan zauna a inuwa, na sake tayarwa, sai ga ta ta ja kamar ba abin da ya same ta. Ba mu yi kilomita uku ba ta sake saki. Sau uku muna haka. Samarin wajen, Allah ya saka musu, suka zo za su tura, na ce musu otomatik ba ta tashi da turi, kuma ma injin ba shi ne ya mutu ba. Wani direba ya ce ya ja mu da igiya har Kano, na ƙi, domin littafin motar da ke cikin aljihun gaba ya yi gargaɗi a kan jan ta tayoyin gaba suna ƙasa. Na nemi janwe aka ɗora ta. Sai bayan isha muka shigo gari.

Washegari aka haɗa ni da wani dattijon bakanike wanda giyar otomatik kaɗai yake yi. Aminina, da na san shi tun watanni huɗu da suka wuce, da wasiƙar nan ta gaisuwa ce kawai. Bai taɓa sifana ba sai da ya ɗiga man a kan farar takarda. Man da ya kamata ya zama ja garau, sai ga shi baƙi-baƙi kamar shayin da ya kwana a buta, ga ƙauri irin na tukunyar da ta kama. Ya miƙo mini na sunsuna. Sannan ya kwance notin zubar da mai, wanda ke da mayen ƙarfe a bakinsa, ya nuna mini wani toka-tokan laka da ya manne a jiki. Ya murza tsakanin yatsunsa a rana, sai na ga ƙananan abubuwa suna ƙyalli. Ya ce lakar garin faiba ce, wato faifan kuloci da ke cikin giyar, wannan kowace tsohuwar giya tana da shi, amma mai ƙyallin ƙarfe ne, shi ne abin tsoro.

Ya zaunar da ni a kan benci ya yi mini bayanin da ban taɓa ji ba. A giyar hannu aikin man shi ne shafa ƙarafa kawai. A otomatik kuwa shi ne komai: shi ke ɗauko ƙarfin inji ta cikin konbata, wato abin da ke haɗa inji da giya, shi ke matse faifan faiba su kama giya, shi ne kuma ke kwashe zafi ya kai lagireto. In man ya tsufa ko ba nata ba ne, faiba sai ta riƙa zamewa. Zamewa ta haifi zafi, zafi ya ƙone mai, faibar da ta ƙone ta zubar da gari, garin ya je ya toshe matatar mai. Abin da ya faru da mu a hanya ke nan: famfo ya tsotso datti ya liƙe a matata, mai ya yanke, mota ta saki. In an kashe inji dattin ya zube ƙasa, sai ta sake ja na ɗan lokaci. Kuma babbar matatar wannan giyar a can ciki take. Camry tana da faranti a ƙasa da ake kwancewa a canza matata cikin awa guda, Honda ta wannan zamanin kuwa sai an sauke giyar an raba ta biyu.

Akwai kuma abin da ba laifin kowa ba ne a cikinmu. Accord ta 2003 mai silinda shida, wadda 'yan kasuwa ke kira EOD, an san giyarta da rauni tun tana sabuwa. A 2004 kamfanin da kansa ya kira irinta a Amurka saboda mai ba ya isa giya ta biyu sosai, tana zafi, aka ƙara musu wani ɗan bututu mai feso mai a wajen. Man da aka yi ta da shi ATF-Z1 ne, daga baya aka maye gurbinsa da DW-1, shi ne ake nema yanzu. Ka haɗa wannan da shekara fiye da 20, da cunkoson Kano, da zafin da ke wuce digiri 40 a Afrilu. Ko auna man nata daban ne: sai ta yi ɗumi, a kashe inji, a zaro geji cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Yaron can injin yana aiki ya auna, irin yadda ake yi wa Toyota. Ina zargin man ma bai yi ƙasa ba tun farko.

Mun gwada hanya mai sauƙi. Giyar tana cin wajen lita 7, amma in an kwance noti kusan lita 3 kawai ke fita, sauran yana maƙale a konbata da bututu. Don haka aka zubar aka zuba DW-1 sau uku, ana ɗan zagayawa da ita tsakani. Aka wanke ragar solonoyid, wato bawul ɗin lantarki da ke buɗe wa mai hanya, aka sa kwamfuta, ta nuna P0730 da P0740, wato giya ba ta kamawa daidai, kuma kulocin konbata yana da matsala. Ta yi kwana biyu kamar ta warke, a na uku da ta yi zafi sai ta koma gidan jiya. Wani maƙwabcin garejin ya ce a sa na'ura a wanke cikinta da matsi, dattijon ya ce ba a garejinsa ba, dattin da ke kwance zai tashi ya shige ƙananan hanyoyin mai.

To, ga inda muke. Mafi yawan mutane cewa suke in je kasuwar Ƙofar Ruwa in ɗauko giya 'yar Beljiyam a ɗora, kwana ɗaya an gama. Na je na taya. Tun da aka saki naira a 2023 kayan gyara suka yi tashin gwauron zabi, amma ba kuɗin ne ya fi damuna ba. Giyar da za a kawo ita ma sa'ar tamu ce, daga jikin motar da ba mu san yadda aka riƙe ta ba, da raunin nan nata na asali, kuma lokacin gwajin da ake bayarwa gajere ne. Ana dacewa, na san waɗanda suka dace, sai dai sayen kifi a ruwa ne. In ma ita ka zaɓa, dole lambar jikinta ta zo ɗaya da tamu, don ta silinda huɗu ba ta shiga. Masu cewa a mayar da ita giyar hannu ban ma saurare su ba, aikin zai taɓa waya da kwamfutar motar, kuma darajarta za ta faɗi.

Ni abin da zuciyata ta kwanta da shi, a bar dattijon nan ya buɗe ta ya sake gina ta: sabuwar faiba, sababbin roba, matata, a canza konbata, a wanke bututun da ke zuwa lagireto, sannan a ƙara mata ɗan ƙaramin lagireto nata na kanta a gaba. Na ga ɗakin da yake buɗe giya, da ƙofa da siminti, tebur a shimfiɗe da farin buhu, ba a filin da iska ke kwaso ƙura ba. Ya gaya mini gaskiya cewa sai ya buɗe zai san ko haƙoran giya ta biyu sun ci, in sun ci lissafi zai canza, kuma ya yarda ba zai sayi komai ba sai na gani da idona. Injin motar lafiyarsa ƙalau, ba ya shan mai, jikinta ba tsatsa. Sayar da ita a haka asara ce, 'yan kasuwa da sun ji kalmar giya za su raba kuɗin biyu.

Maganar kuɗi kuma, rabin aikin a wuyana yake. Kada ka ce mini a'a. Ni na hau ta wata huɗu tana yi mini magana ban saurara ba, ni na tsaya aka zuba mata man da ba nata ba. Na san halinka, za ka ce ƙaddara ce, kuma haka ne, amma barin in biya shi zai sa in iya kallon idonka ranar da ka sauka.

Zuwan Hajiya asibiti ba zai tsaya ba, ƙanena ya ba ni motarsa duk ranar Talata har a gama. Na ɗauki hoton takardar da aka ɗiga man da na notin, zan turo maka ta WhatsApp yau da dare. Dattijon ya ce zai riƙe mana wuri zuwa ƙarshen mako mai zuwa, don haka ka yi shawara ka sanar da ni kafin Alhamis.

Maman yara tana gaishe da maiɗakinka. Ka shafa mini kan yaran. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya dawo mana da ku lafiya.

Wassalam,
Naka amini, daga Kano.