Takardar Koke Kan Miƙa Ƙananan Ɗalibai Ga 'Yan Sanda Da Kotu Saboda Laifin Makaranta

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan Allah ya taya ka riƙo, mu iyaye da kakanni da masu riƙon yaran da ke makarantun firamare na wannan ƙaramar hukuma, tare da wasu malamai da suka yarda su sa hannu da mu, muna kawo kukanmu gare ka. Wata ɗabi'a ce ta fara samun gindin zama a makarantunmu. Yaro ƙarami zai yi laifi irin na yara, faɗa ko ɓarna ko rashin kunya ko ɗan hali, sai a tsallake uwarsa da ubansa a kira 'yan sanda. Wani lokaci maganar takan mutu a caji ofis bayan an yi beli. Wani lokaci har takardar tuhuma ake rubutawa a kai gaban alƙali.

Bari mu faɗa maka abin da ɗaya daga cikinmu ta gani da idonta, domin shi ya tara mu. Ɗanta yana aji uku, shekararsa 8. An fita tara suna rigima a kan ƙwallo, ya ɗauki dutse ya jefi abokinsa, dutsen ya kuskure ya fasa gilashin motar da aka ajiye a harabar makaranta. Ba mu ce ya kyauta ba. Amma ba a aika mata ba sai bayan an tashi, kuma da ta isa caji ofis ta tarar da shi a kan benci bayan kanta, jakar makarantarsa na rataye a wuya, ƙafafunsa ko ƙasa ba sa taɓawa, wandonsa a jiƙe. Ɗan sanda yana tambayarsa ko ya amsa laifinsa, shi kuwa abin da yake ta maimaitawa shi ne, "Yallaɓai, zan share aji, wallahi zan share aji." Iyakar hukuncin da ya sani a duniya ke nan. An kama babban yatsansa an dangwala a ƙasan takardar da ko layinta na farko ba zai iya karantawa ba. Yau yaron ya koma fitsarin kwance da ya bari tun da daɗewa. In ya hango mai kaki sai ya laɓe bayan uwarsa. 'Yan ajinsu kuma sun raɗa masa suna, fursuna suke ce masa, kuma tun daga lokacin sai da kuka ake fitar da shi daga gida da safe.

Gilashi dai an biya, an kuma sa sabo. Yaron ne har yanzu ba mu san ranar da zai dawo yadda yake ba.

Gaskiya ɗaya ce, laifin ba na hedimastoci kaɗai ba ne, a cikinmu iyaye ma akwai masu hannu. Wata yarinya 'yar shekara 9 ta ciji 'yar ajinsu a hannu suna faɗa. Malamar aji ta raba su, ta wanke ciwon, ta ce iyaye su zo gobe. Uban wadda aka ciza bai jira goben ba, ya wuce kai tsaye ya shigar da ƙara, aka zo har aji aka fita da yarinyar a gaban sauran yara. Kwana biyu bayan haka yaran nan biyu sun shirya, suna wasa tare, manya kuwa suna ta zarya kotu ana ɗaga shari'a. Mun zauna da wannan uba, mun fahimci zafin da ya ji, don babu wanda zai ga shatin haƙori a jikin 'yarsa ransa bai ɓaci ba. Shi da kansa ya ce da akwai wurin da zai kai kukansa a cikin makarantar a saurare shi ranar, da bai je inda ya je ba. Sunansa yana cikin waɗanda suka sa hannu a wannan takarda.

Malamai ma muna ganin halin da suke ciki. Malami ɗaya ne a gaban aji maƙil da yara, an ce ya ajiye bulala, kuma mun yarda da hakan, amma ba a ba shi komai a madadinta ba: babu mai ba da shawara, babu wanda aka horar kan yadda ake kwantar da yaron da ya birkice. In abu ya fi ƙarfinsa, lambar ɗan sanda ce ta fi kusa da hannunsa. Muna so a fahimce mu da kyau, ba dawo da duka muke nema ba.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne wanda ake kamawa. Ɗan mai hali in ya yi ɓarna, waya ɗaya ta isa, uba ya zo ya biya, magana ta wuce. Ɗan da uwarsa ke fita neman abin sawa a baka tun asuba, maraya, yaron da ke da lalurar da ke hana shi zama wuri guda ko fahimtar magana da sauri, su ne ke ƙarewa a bayan kanta. Sau da yawa abin da ake kira taurin kai yunwa ce, ko rashin ji sosai, ko duka da ake yi masa a gida, ko wani babba da ke cin zalinsa a hanya. Ɗan sanda ba shi da lokacin bin wannan diddigi, kuma ba aikin da aka koya masa ke nan ba.

Ranka ya daɗe, malamanmu sun karantar da mu cewa an ɗauke alƙalami daga kan yaro har sai ya balaga. Dokokin duniya ma a kan wannan hanya suke. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara, wadda aka amince da ita ranar 20 ga Nuwamba, 1989, duk ƙasashen majalisar sun karɓe ta in ban da Amurka, wato mu ma ta hau kanmu. Sashe na 37 ya ce kama yaro ko tsare shi shi ne mataki na ƙarshe, na ɗan lokaci mafi gajarta, kuma a raba shi da manya. Sashe na 40 ya buƙaci kowace ƙasa ta tsayar da shekarun da ƙasa da su ba a ɗora wa yaro laifi, ta kuma nemi hanyar warware matsalar yara ba tare da shari'a ba a duk inda hakan ya dace. Sashe na 28 ya ce ladabtarwar makaranta ta kasance mai kiyaye mutuncin yaro. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙi da walwalar yaro ta 1990 ita ma, a sashe na 17, ta ce manufar duk abin da za a yi wa yaron da ya yi laifi ita ce gyara shi da mayar da shi cikin iyalinsa. A 2019 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙin yara ya shawarci ƙasashe kada shekarun ɗaukar laifi su gaza 14, saboda sashen ƙwaƙwalwar da ke auna sakamakon aiki bai gama nuna ba ko a ɗan shekara 12 ko 13. Jamus 14 take bi, Norwe kuma 15. To ina ga ɗan aji uku?

Sukotland ta daɗe a kan shekara 8, sannan ta ɗaga zuwa 12 a 2021. A can ne aka yi wani dogon bincike a Jami'ar Edinburgh, inda Lesley McAra da Susan McVie suka bi rayuwar yara kusan 4,300 da suka shiga sakandare a 1998. Abin da suka gano ya dace da abin da kowace kaka ta sani: yaron da aka zurfafa da shi cikin hannun hukuma ya fi wahalar barin laifi a kan takwaransa da ya yi irin abin da ya yi amma aka bar shi a hannun gida da makaranta. Kuma 'ya'yan talakawa da waɗanda aka riga aka sa wa ido su aka fi kamawa. In aka kira yaro ɓarawo a gaban jama'a tun yana ɗan shekara 9, aka zaunar da shi ɗaki ɗaya da manyan masu laifi, an ba shi suna, an kuma ba shi malamai.

Amurka ta yi nisa a wannan hanya kafin ta fara ja da baya, kuma muna roƙon kada mu jira sai mun kai inda ta kai. A jihar Texas an shafe shekaru 'yan sandan makaranta suna yanka wa ɗalibai takardar zuwa kotu saboda surutu a aji ko zagi, da tarar da kan kai dala 500, har sai da majalisar jihar ta taka wa abin birki a 2013. A watan Satumba na 2019, a birnin Orlando na jihar Florida, ɗan sanda ya ɗaure hannun wata yarinya 'yar shekara 6 da igiyar roba ya sa ta a mota, saboda ta yi bori ta harbi ma'aikatan makaranta da ƙafa. Tana kuka tana roƙo a ba ta dama ta biyu. An kori ɗan sandan, ba a ci gaba da tuhumar ba, kuma a 2021 jihar ta yi dokar hana kama yaro ƙasa da shekara 7 sai a manyan laifuka na amfani da ƙarfi. A Pennsylvania kuwa, an yanke wa alƙali Mark Ciavarella hukuncin ɗaurin shekara 28 a 2011 bayan an gano yana karɓar kuɗi daga masu hannu a gidajen tsare yara masu zaman kansu, alhali yana tura yara can a kan laifuka ƙanana. Duk inda aka buɗe ƙofar kama yara, masu neman abin duniya za su biyo ta, kuma iyayen da suka taɓa tsayuwa a caji ofis ana ce musu su kawo na beli sun san me muke nufi.

Saboda haka, ranka ya daɗe, babban roƙonmu shi ne ka umarci Sakataren Ilimi ya fitar da takarda a rubuce zuwa ga kowace makarantar firamare, ta gwamnati da mai zaman kanta, cewa babu hedimasta ko malamin da zai miƙa ɗalibi ga 'yan sanda saboda faɗa, ɓarna, rashin kunya ko ɗauke-ɗauke. Wanda za a fara kira shi ne uba ko uwa ko mai riƙo, a ranar da abin ya faru. Muna so umarnin ya zama a rubuce, domin magana ta baki takan tafi da wanda ya faɗe ta in an yi masa canjin wurin aiki.

Umarnin shi kaɗai ba zai wadatar ba in babu inda mai ƙorafi zai je. Don haka muna neman kowace makaranta ta kafa ɗan kwamitin sulhu, da hedimasta da malamin aji da wakilan iyaye, mace da namiji, da jami'in walwalar jama'a, wanda zai zauna cikin kwana biyu ko uku da faruwar abu. A saurari wanda aka cuta tukuna. In dukiya ce aka ɓata, iyaye su biya gwargwadon ƙarfinsu, ko da kaɗan-kaɗan ne. In rauni ne, su ɗauki nauyin magani. Yaron ya ba da haƙuri da bakinsa, a ba shi aikin gyara daidai shekarunsa, sannan a tambayi abin da ke damunsa. Mu iyaye mun ɗauki alkawarin zama a wannan kwamiti ba tare da ko sisi ba.

Mun san akan sami abin da ya wuce wannan, kamar yaro ya zo da makami, ko ya yi wa wani mummunan rauni, ko cin zarafi na lalata. A nan ba mu ce a rufe magana ba, kuma haƙƙin wanda aka cuta yana nan. Amma jami'in walwala ya kamata ya fara shiga, kuma tambayar farko ita ce wane babba ne ya ba shi makamin, ko a ina ya ga abin da ya aikata, domin ƙaramin yaron da ya yi irin wannan sau da yawa shi ma wani ne ke cutar da shi.

Muna kuma roƙon ka zauna da baturen 'yan sanda na yanki a yi yarjejeniya cewa duk ƙaramin yaron da aka kawo musu daga makaranta ba za a sa masa ankwa ba, ba za a yi masa tambaya ko ɗaukar bayaninsa ba sai uwarsa ko ubansa na zaune, ba za a haɗa shi da manya ba, ba kuma zai kwana ba. Mun san ba ka da ikon ba alƙali umarni, ba ma neman ka yi. Sai dai kana iya kiran masu ƙara da masu gabatar da ƙara kan shari'o'in yaran da ke gaban kotu yanzu, a nemi janye su a mayar da su teburin sulhu, a kuma nemi soke hotuna da zanen yatsun da aka ɗauka. Daga nan kuma kowace makaranta ta riƙa kawo wa ofishinka rahoto a ƙarshen zango: yara nawa aka kai ga 'yan sanda, shekarunsu nawa, kan wane dalili.

Muna neman ka ba wakilanmu rana kafin a koma sabon zango. Uwar yaron da muka ba ka labarinsa ta ce za ta zo, uban yarinyar da aka ciza shi ma zai zo, kuma akwai malamai biyu da suke son su faɗa maka da bakinsu irin horon da suke buƙata.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka jagora.

Mu ne naka,
Iyaye, masu riƙon yara da malaman da sunayensu da sa hannunsu ke cikin takardar da ke haɗe da wannan.

Kwafi zuwa ga Sakataren Ilimi, da baturen 'yan sanda na yanki, da shugaban sashen walwalar jama'a.