Kada ka sa hannu tukuna

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, ya aiki, ya Gombe? Mu nan Bauchi sai godiya.

Sani, labari ya iso mini cewa abokinka na Jekadafari zai ci bashi, ya ce ka sa masa hannu, wai shaida ce kawai. A bakin wani na ji, ba a bakinka ba.

Na san za ka ce ai ka ci Turanci a WAEC. Jarrabawa daban, takardar bashi daban. Ka duba kalmar da ke ƙarƙashin layin da za ka sa hannu. In witness ce, ka shaida a gabanka aka yi, shi ke nan. In kuwa guarantor ce ko surety, ka tsaya masa ke nan, ranar da ya kasa biya kai za a nema, albashinka za a bi. Next of kin wanda za a kira ne in wani abu ya faru, ba ta ɗora maka bashi. Interest da aka koya muku a aji da ma'anar sha'awa, a takardar banki kuɗin ruwa ne, hukuncinsa kuwa ba sai na faɗa maka ba. Ka kuma lura, per month aka rubuta ko per annum? Kashi 5 cikin 100 a wata ya zama kashi 60 a shekara.

Guarantor ɗin nan ce ke hana ni barci. Kana da wayo lokacin da gidan Bakin Kura ya fita hannun Kawunka, ka ga yadda aka kwashe kayan Gwaggo da rana tsaka. Shi ma yana jin Turanci, ya ma fi ka. Kunyar aboki ce ta hana shi tambaya. Kai kuma tun da ka fara ɗaukar albashi ka daina shawara da kowa, ka ɗauke mu mutanen da. Kuna cewa na cika tsauri. To, tsaurin nan ne ya sa har yau ba a taɓa yin sallama da ni a kan bashin wani ba.

Ban ce yaron macuci ne ba. In kana da abin da za ka ba shi ka yafe, ka ba shi. Takardar dai ka ɗauki hotonta duka, har ƙananan rubutun baya, ka turo wa Yayarka ta WhatsApp mu karanta tare. Innarka na gaishe ka, za ta ba direba kuka da daddawa ranar Asabar, sai ka je tasha ka karɓa. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.