A Riƙa Biyan Tallafin Ambaliya Kafin Noman Rani

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni manomin shinkafa ne a yankin Auyo, jihar Jigawa. A daminar 2022 Kogin Haɗeja ya cika ya tumbatsa, ya shanye gonata shinkafa tana fitar da kai. Da ruwa ya janye, laka kawai na tarar, ga bashin taki a wuyana.

An rubuta sunayenmu a ƙofar gidan mai unguwa, aka karɓi lambar asusu. Kuɗin ba su shigo ba sai bayan na sayar da tumakin maiɗakina biyu na sayi irin rani. Maƙwabcina da ba shi da asusun banki, ko sisi bai gani ba, kuma 'ya'yansa bakwai.

Ina roƙon hukuma ta riƙa biya kafin Nuwamba, marasa asusu kuma a neme su a ba su hannu da hannu.

Wani manomi daga Auyo