Wasiƙa Kan Bambanta Tafasa da Rai-ɗore

Assalamu alaikum abokina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya damina a wajenku?

Hoton furen da ka turo kana tambayar ko na tafasa ne ko na rai-ɗore ya iso, sai dai fure kaɗai ba zai faɗa mana sunan tsiron ba. Tafasa da rai-ɗore da filasko 'yan gida ɗaya ne, kowanne furensa ruwan ɗorawa mai kunne biyar, shi ya sa wanda ya dogara da launi yake ruɗewa. Ka koma wurin da hantsi, don ganyen tafasa yana naɗewa da yamma.

Ka tsinki reshen ganye guda ka ƙirga ƙananan ganyen da ke jere a kansa biyu-biyu. Na tafasa shida ne, uku a kowane gefe, bakinsu a zagaye, kuma sun fi faɗi ta can ƙarshe. Na rai-ɗore yawanci takwas ne ko goma, masu tsini kamar bakin mashi. Ka murza ɗaya ka shinshina, warin rai-ɗore ya fi hawa kai. Akwai kuma ɗan ƙullutu da mutane ba sa lura da shi: a tafasa yana tsakanin ganye biyu na farko, a rai-ɗore kuwa yana can gindin reshen, dab da kara, baƙi-baƙi.

In tsiron ya fara 'ya'ya, aiki ya yi sauƙi. Kwanson tafasa siriri ne, tsawonsa yakan kai santimita 15, ya lanƙwashe kamar lauje. Na rai-ɗore a baje yake, ya fi faɗi, yana kallon sama, in ya nuna tsakiyarsa ta fi gefensa duhu. Filasko ganyensa na iya kama da na tafasa, amma kwansonsa gajere ne, santimita 3 zuwa 5, mai faɗi, da ɗan tudu a kan kowace ƙwaya.

Abin da ya sa na dage, tafasa ake dafawa a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Filasko yana sa gudawa, ɗanyen 'ya'yan rai-ɗore kuma guba ne ga dabbobi da ƙananan yara. Don Allah kada a bar yara su tauna shi.

Furen da ka ce ka gani cikin gonar dawa, mai ruwan hoda da siraran ganye masu kaushi, ƙuduji ne, wato wuta-wuta. Ka cire shi kafin ya zuba iri, irinsa yana shekaru a ƙasa bai mutu ba.

In za ka sake ɗaukar hoto, ka ɗauki tsiron gaba ɗaya, sannan ganye gaba da baya, da kwanso, ka ajiye biro a gefe don a ga girmansu. In kuma aiko shi za ka yi, ka shimfiɗa shi tsakanin jaridu, ka danne da abu mai nauyi, kana sauya takardar kullum har ya bushe, in ba haka ba zai yi fumfuna.

Ka gaida mutanen gida.

Naka,
Abokinka